Da tsakar rana ake neman tsuntsu?

To, masana sun yanke hukunci! An kwashi matasa a bas, an sauke su bakin kogin Binuwai don kallon tsuntsaye ƙarfe 12 na rana cikin fararen riguna, ana ihu ana ɗaukar hoto, an dawo ana cewa wai tsuntsayen garin Garwa na Kamaru sun ƙare. Sannunku da ƙoƙari. A watan Maris, da zafi ke kai digiri 40, ko akuya tana ƙarƙashin darbejiya, sai zalɓe ne zai tsaya jiranku?

Lokaci ne kuka ɓata, jama'a. Ana fita da an sallame Asuba, daga 6 zuwa 9, an gama. A nan ne kirinjijiya, wato agwagwar daji, ke dawowa daga kiwon dare tana fito, zalɓe ya kafe a bakin ruwa, tsattsewar Turai tana shawagi kan yashi tana tara kitsen tsallake Sahara. Makonni kaɗan suka rage mata a wurinmu.

Wani zai ce ba su da madubin hangen nesa mai tsada. Ku bar wannan zance. Mai lamba 8x42, wato mai ƙara girma sau 8, ya wadatar, wanda ya kai sau 12 rawa yake a hannu. Kuma ko na miliyan ne, da azahar tururin zafi da hazo kawai zai nuna maka. Ka sa rana a bayanka. Ka fara samun tsuntsun da ido, sannan ka ɗago madubin ba tare da ka kau da kai ba, in ka sunkuya ka rasa shi. Ƙura ta hau gilashi, hure ta tukuna. Gogewa da bakin riga karce shi take. Mutum huɗu sun isa, tufafi masu launin ƙasa, baki a rufe. Kada a matsa gaɓar da ke da sawun dorina.

Wallahi abin da ya fi min ciwo yaran ne. Sun tafi da yaƙinin kogin nan fanko ne, alhali sammako kawai aka hana su.

Shi kuma mai tambayar ina shamuwa, Malam, tana kudancin Afirka ko tana hanya, sai hadari ya fara haɗuwa. Ni tambayata, in ta iso a kan me za ta yi sheƙa? Tsamiyoyin unguwa duk sun zama gawayi.