A bar wa tsofaffin finafinan kimiyya baƙi da farinsu

Wata Asabar bayan sallar isha'i ina zaune a tsakar gida ina kallon fim a waya, sai ɗan ƙanwata ya leƙo ta kafaɗata. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, wannan ai babu kala. Bari in nemo maka wanda aka gyara." Kafin in buɗe baki har ya shiga YouTube a tasa wayar, ya nuno min wani guntu na fim ɗin da aka bi da manhajar ƙirƙirarriyar basira aka shafa masa launi. Wuta ta yi jawur, teku ya yi shuɗi, dodon da ke cikin fim ɗin ya koma kamar abin wasan yara na roba.

Kalmar "gyara" ce ta tsaya min a rai. A wurinsa fim ɗin yana da lahani, na'ura kuma ta yi masa magani. Ban ga laifinsa ba, domin mu ma mun yi wannan kwaɗayin. Waɗanda suka taso da talabijin baƙi da fari a Arewa, tun daga tashar Kaduna da ta fara aiki a 1962 har zuwa lokacin da Jos ta fara watsa shiri mai kala a 1975, za su tuna gidajen da ake manna wata leda mai launi a gaban gilashin akwatin don a ɗan ga wani abu mai kama da kala. Son launi ba baƙon abu ba ne. Amma ina da yaƙinin cewa shafa launi a kan waɗannan tsofaffin finafinan ƙagaggen labarin kimiyya ɓarna ce, kuma fim ɗin da nake kallo a daren nan shi ne babbar hujjata.

Sunansa Gojira, wanda duniya ta fi sani da Godzilla. Kamfanin Toho na Japan ne ya fitar da shi a watan Nuwambar 1954, Ishiro Honda ne ya ba da umarni. Wanda bai san abin da ya faru a Japan a wannan shekarar ba zai ɗauka tatsuniyar dodo ce kawai.

A ranar 1 ga Maris, 1954, Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibiran Bikini da ke tekun Pasifik. Ƙarfinsa ya ninka na bam ɗin da aka jefa wa birnin Hiroshima na Japan a 1945 kusan sau dubu, ya kuma zarce lissafin masu gwajin nesa ba kusa ba. Wani ƙaramin jirgin kamun kifi na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru yana can yana sana'arsa, a wajen iyakar da aka shata aka ce nan ne haɗari ya tsaya. Sai wata farar toka ta riƙa zubo musu daga sama har tsawon sa'o'i. Mutum 23 ne a jirgin, dukkansu suka kamu da ciwon gubar nukiliya. A watan Satumba mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu. Kasuwannin kifi suka rikice, aka riƙa zubar da kifin da na'ura ta nuna ya gurɓata, a ƙasar da kifi yake cimar yau da kullum. Matan wata unguwa a Tokiyo mai suna Suginami suka fara tattara sa hannun masu adawa da makaman ƙare-dangi, zuwa Agustan 1955 an haura mutum miliyan 30.

Makonni shida kacal bayan rasuwar Kuboyama aka fara haska Gojira. Da me fim ɗin ya buɗe? Ma'aikatan jirgin ruwa suna hutawa, sai wani haske mai kashe ido ya taso daga teku, jirgin ya kama da wuta. Babu ɗan Japan ɗin da ke zaune a silima a ranar da yake buƙatar a yi masa fashin baƙi. Shekara tara ke nan da Hiroshima da Nagasaki, shekara biyu da ƙarewar mamayar Amurka, wadda a lokacinta aka taƙaita abin da za a iya bugawa ko nunawa game da bama-baman. Honda kansa tsohon soja ne da aka tsare a Sin, ya kuma ratsa ta kufan Hiroshima a hanyarsa ta komawa gida. Dodon nasa, a cikin labarin, gwajin bam ne ya tashe shi daga ƙarƙashin teku.

Wannan tsoron bai yi nisa da mu ba kamar yadda muke zato. A ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, hamadar da iskar hunturu ke ratsowa kafin ta iso mana. Da ta yi gwaji na uku a ƙarshen Disambar wannan shekarar, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, wata uku da samun 'yancin kai. Iyayenmu da ke sauraron rediyo a lokacin sun san damuwar mutumin da ke kallon ƙura a sama yana tambayar kansa me take ɗauke da shi.

To ina baƙi da fari ya shigo? Ya shigo ta ko'ina. Eiji Tsuburaya, wanda ya tsara siddabarun fim ɗin, ba shi da kwamfuta, ba shi kuma da lokacin da zai riƙa motsa ɗan mutum-mutumi kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka yi wa King Kong a 1933. Sai aka ɗinka rigar dodo mai nauyin kusan kilo 100, wani ɗan wasa, Haruo Nakajima, ya shiga cikinta yana tattaka ƙaramin birnin Tokiyo da aka ƙera da hannu, gida-gida, turke-turke. Ana ɗaukar hoton da gudu, idan aka zo haskawa sai motsin ya yi nauyi, gini ya riƙa faɗuwa a hankali kamar na gaske. Kukan dodon ma da hannu aka yi shi: mai kiɗan fim ɗin, Akira Ifukube, ya sa aka goga safar hannu ta fata da aka shafa wa ƙaro a kan tsirkiyar wani babban goge na Turawa, aka rage saurin sautin.

Duk wannan aiki a kan duhu aka gina shi. Dodon yakan shigo gari da dare. Abin da kake gani shi ne wata baƙar siffa a bayan hayaƙi, haske yana ɗan taɓa gefen jikinta, sauran kuma zuciyarka ce ke ƙarasa zanawa. Wanda ya taso da tatsuniya ya san wannan sirrin: dodon da kaka ta ba da labarinsa cikin duhu ya fi duk wanda aka zana a littafi ban tsoro, don kowane yaro shi yake ƙera nasa. Da ka kunna launi, ka kashe wannan. Roba ta fito roba. Kamfanin da kansa ya gwada mana hakan, domin daga 1962 da aka fara yin Godzilla mai kala, a hankali dodon ya sauka daga abin tsoro ya zama gwarzon yara.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Bayan dodon ya ƙone gari, fim ɗin ya kai mu asibiti. Mutane kwance a ƙasa jere, likita yana kanga wa yaro na'urar auna gubar nukiliya, na'urar tana ƙara. Can kuma ɗalibai mata sun jeru suna rera addu'ar zaman lafiya. A baƙi da fari, waɗannan hotuna ba su da maraba da hotunan labarai na 1945 da masu kallon suka sani, wasunsu ma da idonsu suka ga Tokiyo tana ci da wuta a Maris ɗin wannan shekarar. Fim ɗin yana aron kamannin shaida ne. Duk wanda ya shafa masa ruwan hoda da kore ya raba shi da wannan kamannin, ya mai da makoki abin kallon nishaɗi.

Na san abin da za a ce min, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce ba don fasaha aka yi su baƙi da fari ba, rashin kuɗi ne. Sau da yawa haka ne. Fim mai kala ya riga ya samu kafin 1954, tsada ce ta hana. Wani fim ɗin Amurka na wannan shekarar, Them!, labarin tururuwa da gwajin bam a hamadar New Mexico ya mai da su ƙattai, da kala aka shirya yin sa, kamfanin ya janye daga baya. Amma da zarar an yanke cewa baƙi da fari za a yi, komai sai ya bi wannan hukuncin: inda za a aje fitila, yadin da za a ɗinka, hodar da za a shafa. A fim ɗin Frankenstein na 1931, kwalliyar da aka yi wa fuskar Boris Karloff kore-kore ce mai toka-toka, don ta fito fari fat kamar ta gawa a hoton baƙi da fari. Idan manhaja ta zo yau, wane launi za ta ba shi? Koren da ke fuskarsa a ranar ɗauka, ko farin da aka yi nufin a gani? Ba ta sani ba, cinta kawai take yi. Magini da ya gina soro da ƙasa saboda ba shi da kuɗin siminti ya yi lissafin kaurin bango da azara a kan ƙasar ne, ba ka da ikon zuwa bayan shekara 70 ka ce ka fi shi sanin abin da ya so.

Ba kuma ina cewa launi haramun ne a tsohon fim ba. Georges Méliès, Bafaranshen da ya yi fim ɗin tafiya duniyar wata a 1902, wanda hotonsa na kumbo ya soki idon wata ya zagaye duniya, shi da kansa ya sayar da kwafi masu launi. Mata ne a wani ɗakin aiki a Paris suke bin hotunan ɗaya bayan ɗaya da buroshi. An gano irin wannan kwafin a Basilona a 1993, aka farfaɗo da shi aka nuna a bikin Cannes a 2011. Wannan launin mai fim ne ya so shi, nasa ne. Ban kuma ce duk tsohon fim mai kyau ba ne. Da yawansu shirme ne, mata ba su da aiki a ciki sai ihu, baƙar fata kuwa kamar ba za ta kai zamanin da suke hasashe ba.

Rigimar nan an taɓa yin ta. A 1986 attajirin Amurka Ted Turner ya mallaki tarin tsofaffin finafinan kamfanin MGM, ya shiga shafa musu launi da kwamfuta don talabijin. Daraktoci da 'yan wasa suka yi ca har gaban majalisa, abin da ya kai ga dokar adana finafinai ta 1988. A Faransa magadan darakta John Huston sun yi nasara a kotun ƙoli a 1991 kan wani fim ɗinsa da aka yi wa launi bayan rasuwarsa. Bambancin yau shi ne a wancan lokacin sai kamfani mai miliyoyi zai iya, yanzu kuwa duk mai kwamfuta zai yi a ɗakinsa ya ɗora, kuma kwafinsa ne yaro zai fara cin karo da shi.

Idan gyara ake so, ga gyara na gaskiya. Fim ɗin Metropolis na Fritz Lang, wanda aka yi a Jamus a 1927, labarin birni ne da masu kuɗi ke zaune a dogayen benaye, leburori kuma a ƙarƙashin ƙasa suna bauta wa injina, ga saƙago mai siffar mace da har yau masu fim ke kwaikwayo. Jim kaɗan bayan fitarsa aka datse kusan kashi ɗaya cikin huɗu, aka ɗauka ya tafi ke nan. Sai a 2008 aka tsinci wani tsohon kwafi a gidan tarihin finafinai na Buenos Aires a Ajantina, duk ya karce. Aka mai da kusan minti 25 wurinsu, aka nuna a 2010. Har yanzu ana ganin karcen a waɗannan sassa, masu aikin ba su ƙirƙiri abin da babu don rufe shi ba. Wannan sa'a ce babba, domin wani bincike na Ɗakin Karatun Majalisar Amurka a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun salwanta. Mu ma mun ɗanɗani irin wannan sa'ar da fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu na 1976, da aka gano a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya a 2016, aka farfaɗo da shi aka nuna a bikin Berlin a 2018.

Masu sana'ar ma sun fara komawa baya da ƙafarsu. Fim ɗin Godzilla Minus One na 2023, wanda ya ci kyautar Oscar ta siddabarun hoto, kamfanin Toho ya sake fitar da shi baƙi da fari a Janairun 2024, bayan an bi shi fage-fage an sake daidaita haske da inuwa, mutane kuma suka sake biyan kuɗi suka shiga.

A daren nan na ce wa yaron, "Zauna, ɗana, kashe taka mu kalli wannan." Na kashe fitilar tsakar gida, don irin wannan fim ba ya son haske a gefe. Minti ashirin na farko yana ta mutsu-mutsu, ya ce maganar ta yi yawa. Da aka zo wurin da wata uwa ta rungume 'ya'yanta a gindin gini, wuta ta kewaye su, tana lallashinsu cewa sun kusa zuwa wurin babansu, ban sake jin motsinsa ba.

Wanda zai nema, ya nemi na Japan na 1954 mai fassara a rubuce a ƙasa. Akwai wani na 1956 da aka sake yankawa don kasuwar Amurka, aka cusa ɗan wasa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida, aka zubar da yawancin maganganun da suka shafi bam, har da na wata mata a jirgin ƙasa da ke cewa da ƙyar ta tsira a Nagasaki. Sai a 2004, bayan shekara 50, aka zagaya da asalin fim ɗin gidajen silima na Amurka.