Odar Baba ta mai da ni mai Fan Ice

Kawu ne ya jawo. Shi ya ce tunda na fito da tsohon keken Raleigh ɗin Baba na goge, kar in bar odar tana kukan akuya mai mura. Kun dai san ta, ta tagulla mai naɗi ɗaya da ƙwallon roba a gindi, irin wadda direbobin trotro, motocin haya na unguwar La a Accra, ke busawa in ɗan'uwansu ya mutu.

Daren Alhamis na kwance ta. Ashe duk rayuwarta ɗan harshen tagulla ne, siriri kamar farcen jariri. Iska ta bi ta kansa ya yi rawa, shi ne kukan. Koren datti ya liƙe shi, ga gidan zanzaro a maƙogwaro. Lemun tsami da toka suka yi maganin wannan. Robar ta tsage, faci da sholisho sun ƙi kamawa, dole na je Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, na samo wata. Sauran saiti: in harshen ya kwanta sosai oda ta zama bebiya, in ya ɗagu da yawa sai huci kawai. Na yi ta ɗaga shi da bakin reza har ta saki murya siririya mai kaifi. Mai facin nan na Aboabo yana zaune. Na matsa masa sau biyu, ya dube ni, ya dubi keken, ya ce, "Ta yi, maigida." Ya san abin da ya ji, wallahi ya sani.

Juma'a bayan la'asar na sa farin kaftani, na fesa turare, na nufi Asawase gidan su yarinyar da nake nema. Ina shan kwanar layinsu na ce bari a san na iso. Pim pim!

Yara suka ɓarko ta kowane lungu, sun ɗauka mai sayar da ayis-kirim a keke ne. "Fan Ice! Fan Ice!" Wani ba ko wando, yana gudu da sidi biyu a dunƙule. Suka kewaye ni suna leƙen bayan keke, ina akwatin? Ina cewa ba ni ba ne, wata 'yar mitsitsiya ta riƙe min gefen kaftani da hannun manja tana cewa ita mai cakulan take so. Na daka musu tsawa, gwiwar hannuna ta danne robar. Pim! Wasu suka ƙaru daga layin baya.

Ana cikin haka muryar Mma ta fito daga zaure, ita da nake tsugunawa har ƙasa in gaishe ta: "Kai mai yogo, tsaya mana! Kullum sai ka wuce kamar ana korar ka." Ta leƙo da kuɗi a hannu. Muka haɗa ido. Na rasa ko in sauka in gaishe ta ko in karɓi kuɗin. Na ce, "Mma, ina wuni." Ta ce, "Au, kai ne? Sana'a ka canza?" Daga bayan labule na ji dariyar da na sani.

Shi kuma mai facin, bara ya karɓi famfona aro, har yau wai yana wurin ƙaninsa a Tamale. Mutumin da ya taɓa yi min faci uku a tayar da ƙusa ɗaya ta huda. Kafin magariba labari ya riga ni isa wurin mai koko, kuma na san bakin da ya kai shi. Jiya na wuce ta gabansa ina tura keken, bai ɗago kai daga bokitin ruwansa ba ya ce, "Maigida, akwai mai strawberry?"

Harshen dai na sake lanƙwasa shi don muryar ta yi kauri, ya karye. Kawu ya ce akwai wani tsoho a Alabar da ke yanka sabo, ban je ba tukuna. Manjan ma bai fita ba.