Inabin Bodo da waken Jega

A wani taron manoman inabi da aka yi a wani ƙauye kusa da Bodo, kudu maso yammacin Faransa, ana muhawara kan maganin feshi na fasahar nano, wato fasahar mayar da sinadari ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, sai wani bature ya ce cikin raha: "Ku kai shi Afirka a gwada, can ba mai tambaya." Aka yi dariya. Har yau maganar tana ci mini rai.

Ku da ke gida ba ku san irin gonakin nan ba. Layi ne bayan layi har iya ganinka, kowace kurangar inabi an ɗaure ta a waya, an yi mata aski daidai da ta kusa da ita. Yawancinsa giya ake yi da shi. Ni dai ƙasar noma nake nazari, abin da ke cikin ganga ba ruwana. Babbar matsalar manoman fumfunar ganye ce, kuma tun wajajen 1885 suke fesa mata haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa. Jan ƙarfen ba ya ruɓewa, taruwa yake yi a ƙasa, shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a kowace hekta cikin shekara 7. Masu bincike suka ce in an mayar da shi ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ido ba ya gani ko da gilashi, kaɗan zai yi aikin mai yawa.

Amma manoman suna ɗari-ɗari, don tsoron mai saye. Doka a nan ta ce in an sa sinadarin nano a abinci sai an rubuta a jikin kwali, kuma Faransa ta hana wani sinadarin farantar da alewa mai ɗauke da ƙwayoyin nano, E171, tun 2020. Mai gonar da ya gaji sunan kakansa a jikin kwalba ba zai yarda a ce ya sa abin da ba a saba ba.

To, su ba laifi su yi taka-tsantsan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mu ba mu tambaya. Je ka kasuwar Jega ka ga yadda uwargida ke sunsunar wake, ta ɗebo ta murza kafin ta ciro kuɗi. Manomin albasa a Aliero ba ya karɓar sabon iri sai ya gani a gonar maƙwabci damina guda. Gaskiya ne Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015 saboda fiya-fiyar da ake barbaɗa masa, kuma abin kunya ne. Sai dai wanda ya barbaɗa wa zai tambaya? Malamin gona ya zama sai labari. Takardar jikin maganin da Turanci take, in ma akwai ta, don sau da yawa a gorar ruwa ake auno maka shi, mai shago ya ce "murfi biyu a tanki, baba."

Baturen nan yana da ƙungiya, da ɗakin gwaji, da jami'in da zai zo gonarsa in ya buga waya. Ƙanena da ke noman shinkafa a fadamar Argungu lambata kawai yake da ita. Wani kamfanin Indiya ya fitar da takin yuriya na nano a 2021, yana cewa kwalbar rabin lita ta kai buhu guda, masana kuma suna ta gardama a kai. Ranar da ta iso kasuwar Jega, ni zai kira, ni da ban ga damina a Kebbi ba tun da na taho.