Wanda ya riƙe dikoda shi ke kaɗa mana ganga

Duk lokacin da maganar talabijin da tarbiyya ta taso a majalisun Hausawan Legas, daga Agege har Idi-Araba, Bature ake fara ɗora wa laifi: ya turo mana tsiraici, ya raba yaranmu da kunya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a ganina mun bar jaki muna dukan taiki. Leƙa gidan kallo a Mile 12 ranar Asabar, ƙwallon Firimiyar Ingila ce ta tara samari. Shiga cikin gida, uwargida tana kan fim ɗin Indiya mai dogon zango, ko na Turkiyya da aka yi wa fassarar Hausa. Ba mai kiran waɗannan mamayar al'adu, don kuwa matan ciki suna yafa mayafi, 'ya'ya suna rusuna wa iyaye. Alhali lissafin da ya kawo na Amurka shi ya kawo su.

Lissafin na kuɗi ne. Kamfanin da ya shirya wasa a Mumbai ko Los Angeles ya riga ya fitar da uwar kuɗinsa a gida, duk abin da ya samu a Afirka riba ce, saboda haka yana iya sakar wa tashar Najeriya shi da araha. Mai shirya wasa a Kano ko Surulere kuwa sai ya sallami 'yan wasa, ya yi hayar kyamara, ya zuba wa janareta mai, kafin ya samu rabin awa. Manajan tasha ba ya bukatar kowa ya haɗa baki da shi kafin ya zaɓi na waje.

Tun 1974 wani rahoton UNESCO da Kaarle Nordenstreng da Tapio Varis, 'yan ƙasar Finland, suka rubuta ya nuna cewa shirye-shiryen talabijin daga ƙasashe ƙalilan suke kwarara zuwa sauran duniya, Amurka a kan gaba, kuma ba abin kirki da ke komawa. Kwamitin MacBride da UNESCO ta kafa ya nemi a gyara tsarin a 1980. Amurka ta fice daga UNESCO a 1984, Birtaniya ta bi ta a 1985, maganar ta sha ruwa. Mu ma nan da hannun baƙi muka fara: tashar WNTV da gwamnatin Awolowo ta buɗe a Ibadan a 1959 haɗin gwiwa ce da wani kamfanin Birtaniya.

Abin da ya sauya yau shi ne masu ƙofar sun yawaita, kuma manyansu ba namu ba ne. DStv da GOtv na MultiChoice ne, kamfanin Afirka ta Kudu, wanda Canal+ na Faransa ya karɓe ragamarsa a 2025. StarTimes, da ya shigo a 2010 bisa haɗin gwiwa da NTA, na China ne, kuma a 2015 shugaba Xi Jinping ya yi alkawarin kai talabijin na tauraron ɗan'adam ƙauyuka 10,000 na Afirka. Ba don Allah ake irin wannan kyauta ba. Hatta Arewa24, da muke alfahari da ita, da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta fara aiki a 2014. Ta yi wa Hausa hidimar da tashoshin gwamnati suka gaza yi, wannan ba gardama, amma ya kamata mu ji kunyar cewa sai da wani ya zo daga ƙetare kafin a gane Hausa za ta iya riƙe tasha dare da rana.

Ban yarda da masu ɗaukar mai kallo tamkar yaron goye ba. Bahaushe ya ari waƙa da rawar Indiya ya gina Kannywood, ya mai da su nasa. Ita kanta Legas yanzu mamaya take yi: a Ghana an sha kokawa kan yadda finafinan Najeriya suka cika tashoshi. Big Brother Naija da malamai ke tsine wa, tsarinsa daga Holand ya fito, tashar ta MultiChoice ce, 'yan cikin gidan kuwa 'ya'yan Najeriya ne, masu tallafa masa ma kamfanonin nan gida. To wa za a kama?

Hasarar da ta fi damuna ta fi ƙarfin batun siket da wando. Yaron da aka haifa a Agege, wanda kakanninsa suka zo fataucin goro da shanu tun zamanin Turawa, yana jin Hausa da Yarbanci da Burokin, ba ya ganin irinsa a allo. A finafinan Kudu Bahaushe maigadi ne mai karyayyen Turanci da ake kira "aboki" don a yi dariya. A na Kano, Legas wurin da ake zuwa ci-rani ne a dawo da kuɗi ko a dawo a lalace. Ya san tarihin Arsenal ciki da bai, ya san sarakunan Daular Usmaniyya daga fim, bai san yadda unguwarsa ta kafu ba.

Kiran a rufe tasha ko a ƙwace rimot ba zai kai ko'ina ba, tunda abin ya riga ya koma wayar hannu, ta YouTube da TikTok, inda hannun NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, bai kai ba. Kuɗi kuwa akwai su a hannun Hausawan Legas: dillalan gwari na Mile 12, 'yan shanu na Oko-Oba, 'yan canji, masu manyan motoci a Apapa. Suna gina masallatai, suna biya wa mutane kujerar Makka, Allah Ya saka. Amma ka je musu da maganar ɗaukar nauyin wasan kwaikwayo a kan rayuwar Zangon Agege, za su ce maka sana'ar 'yan iska ce, sannan ƙarshen wata su aiki yaro ya biya kuɗin dikoda.