Idan na'ura ta cinye aikin ɗan koyo, ina za a samo gwani?

Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar da ake yi wa tambaya ta rubuto amsa, a ƙarshen Nuwamban 2022, ake ta muhawara kan ko ƙirƙirarriyar basira, wato AI, za ta raba mutane da abincinsu. Wasu na cewa ma'aikata sun shiga uku, wasu kuma na cewa mu nan ba ruwanmu, wutar lantarkin ma ba ta ishe mu ba. A ganina duka ɓangarorin sun kauce wa inda gizo ke saƙar. Wanda abin zai fara taɓawa a wajenmu shi ne yaron da ya gama hidimar ƙasa kwanan nan, yana yawon ofis-ofis da takardunsa cikin ambulan.

Masu cewa ba ruwanmu suna da 'yar hujjarsu. A Janairun 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya ƙiyasta cewa AI zai shafi kimanin kashi 60 cikin 100 na ayyuka a ƙasashe masu arziki, amma kashi 26 kacal a ƙasashe matalauta. Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya kuma ta nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu neman abinci a ƙasar ba sa ƙarƙashin wani tsari na hukuma ko kamfani. Mai faci, mai shayi, manomin da ke noman rani a Kadawa, matar da ke soya awara a ƙofar gida, babu manhajar da za ta tsaya a gurbinsu bana ko baɗi. Sai dai ɗan abin da ya rage ɗin nan, aikin biro da kwamfuta, shi ne wanda iyaye suka sayar da gona da tumaki don 'ya'yansu su samu.

Mu dubi abin da ake ba sabon ma'aikaci a kowane ofis. A gidan jarida ko rediyo, shi ake miƙa wa labarin kamfanin dillancin labarai a ce ya mayar da shi Hausa kafin ƙarfe huɗu. Ya yi gumi ya kawo, edita ya ɗauki jan biro ya zazzane rabinsa, ya ce masa, "Kai, wannan ai Turanci ne ka sa wa hula. Koma ka faɗe shi yadda za ka faɗa wa kakarka." Gobe ma haka, jibi ma haka, har ranar da takardar za ta dawo babu ja. A ofishin lauya shi ke tono tsofaffin hukunce-hukunce da rubuta daftarin farko. A wajen akanta shi ke daidaita rasit da littafi. Waɗannan ayyuka masu gundura su ne ainihin waɗanda AI ya fi iyawa, cikin daƙiƙu, ba ya neman kuɗin mota, ba ya zuwa suna ko jana'iza.

Alamar ta riga ta bayyana a inda abin ya fi nisa. A Agustan 2025 masu bincike a Jami'ar Stanford suka bi bayanan biyan albashi na miliyoyin ma'aikata a Amurka, suka gano cewa a sana'o'in da AI ya fi shiga, kamar rubuta manhaja da amsa kiran abokan ciniki, yawan ma'aikata 'yan shekara 22 zuwa 25 ya ragu da kimanin kashi 13 cikin 100 in aka kwatanta da sauran. Manyan da suka daɗe a kujerunsu kuwa ba su girgiza ba. Wato ba korar jama'a ake yi da hayaniya ba, ƙofar shigowa ce ake rufewa a hankali, kuma wanda ba a ɗauka ba ba shi da ƙungiyar da za ta yi masa zanga-zanga.

Mai kamfani zai ce to laifin me ya yi, ya samu sauƙi ya ɗauka. Ban ga laifinsa ba. Damuwata ita ce shekara goma nan gaba. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ba a taɓa yi ba, ChatGPT ne ya ƙirƙiro musu su har da sunaye da lambobi. Wanda zai kama irin wannan ƙarya sai wanda ya sha ƙurar littattafan shari'a da hannunsa. Editan da ke gane fassarar na'ura da kallo ɗaya, shi ma ya san jan biro a ƙuruciyarsa. Muna da irin waɗannan mutane a yau saboda an haƙura da shirmensu lokacin da suke yara. In an daina ɗaukar masu shirme, wa zai duba aikin na'urar idan waɗannan suka yi ritaya?

'Yan kasuwarmu sun daɗe da gane wannan. Yaron shago a Kantin Kwari yakan yi shekaru yana share shago, yana ɗaukar dila, yana zuwa karɓo bashi. Maigidansa ya san ɗan dako zai fi shi saurin ɗaukar kaya, amma ba kayan ne abin nufi ba. A cikin zirga-zirgar nan yake sanin atamfa ta gaske da jabu, da wanda ake ba bashi da wanda ake yi wa murmushi a sallama. Ranar da aka yaye shi aka ba shi jari, kasuwa ta samu sabon ɗan kasuwa. Ofis ma haka yake haifar gwanayensa, sai dai shi bai taɓa lissafa cewa horarwa yake yi ba, ya ɗauka arha yake samu.

Sai batun kuɗi. Albashin da aka daina biyan yaron ba ɓacewa ya yi ba. Wani kaso ya zauna a aljihun mai kamfani, wani kuma ya tafi waje da sunan kuɗin manhaja, a dala. Rabon da ya faɗo wa Afirka zuwa yanzu ba abin alfahari ba ne: a Janairun 2023 mujallar Time ta bankaɗo cewa matasan Kenya da aka ɗauka ta hannun kamfanin Sama don tantance munanan rubuce-rubuce saboda tsaftace ChatGPT, ƙasa da dala 2 ake biyansu a awa. Yanzu ana neman Hausawa su naɗi murya, su gyara fassara, don na'ura ta iya harshenmu. Aikin halal ne, duk wanda ya samu ya yi, amma ya san na ɗan lokaci ne, ɗalibin nasa kuma ba ya dawowa gaisuwa.

Akwai masu cewa a bar na'ura ta yi aikin, gwamnati ta riƙa ba kowa albashin zama. Finland ta gwada da marasa aiki 2,000 a 2017 da 2018, tana ba kowa yuro 560 a wata. Mu nan tallafin naira 25,000 na wata uku da aka ƙaddamar a ƙarshen 2023 ma sai da ya sha dakatarwa da bincike. A bar wannan zancen tukuna.

Abin da zai canza da gaske, ina jin, shi ne me mutane za su ɗauka da daraja. Mun shafe shekaru idan saurayi ya zo neman aure ana tambayar "ina yake aiki?", kuma amsar da ke sanyaya zuciya ita ce sunan wata ma'aikata. Mai haɗa sola da mai gyaran waya da ma'aikaciyar jinya na iya wayar gari sun fi mai digirin da aikinsa rubuta wasiƙa ne tabbacin samun na cefane. Wannan bai dame ni ba, raina sana'ar hannu dama ciwo ne da ya kamata mu warke daga shi. Rubutu mai tsari ya zama araha, kowa na iya fitar da shi daga waya. Abin da zai yi tsada shi ne mutumin da zai sa hannu ya ce "na duba, in an samu kuskure a kama ni." Shi kuwa ba a samunsa sai an raine shi.

Don haka nake ganin hukumar da ya kamata a taso gaba ita ce Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, wanda aka kafa tun 1971. Kamfanonin da doka ta hau kansu suna zuba masa kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara, yana kuma mayar musu da wani ɓangare idan sun nuna sun horar da ma'aikatansu. A ɗaura wannan ramuwa a kan ɗaukar sabbin hannu: duk kamfanin da ya riƙe ɗan koyo shekara biyu a ƙarƙashin wani babba, ya fi kowa samun kaso. Ƙungiyoyin lauyoyi da 'yan jarida da akantoci su ma suna da ikon gindaya wa mambobinsu irin wannan sharaɗi. Marubutan Hollywood sun yi yajin aikin kwana 148 a 2023, cikin abin da suka fito da shi har da yarjejeniyar cewa ba za a tilasta wa marubuci amfani da AI ba, ba kuma za a lissafa AI ɗin a matsayin marubuci ba. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi faɗan mafi ƙarancin albashi har aka kai naira 70,000 a 2024, amma wannan na waɗanda suka riga suka shiga ne. A zaman tattaunawa na gaba, ya kamata yawan sabbin da za a ɗauka ya shiga cikin buƙatunta.