Yadda makirfo ya cije ni a bikin ƙanwar Dogo

Kun dai san amfilifayar jita, wato akwatin ƙara sauti, da yayana ya aiko min daga Amurka, wadda na hana kowa sakat da zancenta. Fender Deluxe Reverb ce mai fuskar azurfa, ta shekarun 1970: wat 22, lasifika ɗaya mai inci 12, bawul tara a cikinta (kwalaben gilashin nan irin na tsohuwar rediyo), biyu daga ciki 6V6 masu tura sauti. Ka kai maɓallin ƙara kan 4 ko 5, sai muryarta ta soma dushewa da daɗi, irin dushewar da ake ji a tsofaffin faifan rock. Wutar Amurka take ci, volt 120, tamu kuwa 230, shi ya sa na sayi ɗan taransifoman rage wuta a Sabon Gari, mafi araha a shagon. Dogo ya ce in yi waƙa biyu irin kiɗan jitar Agadas a dinar ƙanwarsa kafin DJ ya karɓa. Na ce uku ma zan yi.

Na isa da wuri, na kunna, na bar bawul ɗin suka yi ɗumi kamar minti ɗaya kafin in ɗaga makunni na biyu, ina yi wa yaran da suka kewaye ni lacca a kan bambancin bawul da taransista. Akwai ɗan gurnani a lasifikar. Na miƙa hannu ta baya na juya makunnin nan na ground, mai rage gurnani, ya ɗan ragu, na ce shi ke nan.

Aka kira sunana. Hannun hagu a kan tsirkiyoyi, na sunkuya zan yi sallama. "Assala…" kawai na kai. Leɓena na ƙasa ya taɓa ragar makirfon, sai na ji kamar an gartsa min cizo da haƙoran ƙarfe, har cikin dasashi, idona ya ga wani haske shuɗi-shuɗi. Abin da ya fita daga bakina, ta manyan lasifikoki biyu, a gaban dangin ango da suka taso tun daga Zinder, shi ne "Wayyo Inna!" Da siririyar murya kuma, wadda ban san ina da ita ba. Na yi tsalle baya, dunduniyata ta daki amfilifayar. Wanda bai sani ba, amsa-kuwwar Deluxe daga wasu sifirin take fitowa, suna miƙe cikin akwatin ƙarfe a ƙasan katakon, kuma na sa ta a kan 6. In aka girgiza su tsawa suke yi. Tsawa kuwa aka yi. Wata gwaggo ta saki farantin shinkafa tana salati, amarya ta yaye mayafi don ta ga ko rufin ne ya rufto.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na sake. Na gyara hula, na yi murmushi, na ce a raina tsautsayi ne. Hannu a tsirkiya, baki a makirfo. Ya sake cizona a wuri ɗaya.

Sai ga kawun Dogo ya taso, wanda ya shekara da shekaru yana gyaran rediyo, da testa a aljihun babbar riga. Wa ke zuwa biki da testa? Ya ɗora ta a ƙarfen jikin amfilifayar, ta kama ja. Ya ce, "Ɗana, fulogin nan ƙafa nawa gare shi?" Na ce biyu, Kawu. Ya ce, "To ai kai ne wayar ƙasan." Kuma bai rage murya ba, ga makirfo a kunne.

Bayaninsa daidai ne, shi ya sa na kasa yafe masa. Tsofaffin Fender masu fulogi ƙafa biyu suna da wata ƙaramar kafasita (ma'ajiyar wuta) mai maikirofarad 0.047 da ke haɗa ɗaya daga wayoyin wuta da ƙarfen jiki don rage gurnani, makunnin bayan nan shi ke zaɓar wace waya. Tsirkiyoyin jita kuwa a haɗe suke da ƙarfen nan ta igiyar jita. Taransifoma mai araha irin nawa naɗi ɗaya ne, ba ya raba ka da wutar bango, in fulogi ya shiga a juye sai wayoyin biyu duk su zama masu rai, ɗaya 230 ɗaya wajen 110, ko ina ka juya makunnin ba tsira. Makirfon DJ kuma yana da wayar ƙasa lafiyayya. Wuta na neman hanya, ta samu leɓe mai yawu. Kafasita mai lafiya miliyamfiya uku da ɗoriya za ta bari ta wuce. Da ta ƙone ta haɗe gaba ɗaya, da zaman makoki kuka zo.

Duk wannan da sauƙi a kan DJ. Yaron nan na ara masa igiya biyu da rana, har yanzu ɗaya na wurinsa. Ashe yana naɗar komai. Ana fara liƙi sai na ji "Wayyo Inna, Inna, Inna" a kan kiɗa, ya sa mata amsa-kuwwa, yana sakinta duk lokacin da ango ya ɗaga ƙafa. Sau nawa ya saka? Na daina ƙirgawa a goma sha ɗaya. Har kuɗi aka liƙa masa a kanta. Da na je ƙorafi ya ce, "Yaya, ai ita ce ta tashi wurin." Jiya na ji ta a wayar wani mai adaidaita a Kofar Nassarawa, ban ce komai ba, na biya na sauka kafin in kai inda za ni.

Washegari Kawu ya zo gida ba gayyata. Ya cire fulogi, ya hana ni taɓa komai sai da ya zuƙe manyan kafasitocin da resista, don suna iya riƙe sama da volt 400 ko an kashe. Ya datse ƙaramar kafasitar nan ya jefa min a cinya, ya sa igiya mai ƙafa uku, koriyar waya ya ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe, fis da makunni ya maida su kan waya mai rai. Ya ce in nemo taransifoma mai naɗi biyu da wayar ƙasa, in kuma riƙa taɓa taransifoman cikin amfilifayar in ji zafinsa, tunda don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa aka yi shi, tamu 50 ce. Ya ƙi karɓar kuɗi, amma ya ci tuwon da aka ajiye min.

Sautin yana nan yadda yake, gurnanin ma ya tafi. Leɓen ne dai har yanzu in shayi ya taɓa wurin sai na ji. Wanda ya ga DJ ya ce masa baƙar igiyar nake so, mai mita shida.