Ranar da jita ta ƙi sakina

Tsohuwar jita daga ƙugu take fara buɗewa. Siririyar robar nan da ke zagaye gefenta, wadda a tsofaffin jitoci yawanci seluloyid ce, tana tsukewa da shekaru, kuma a lanƙwasar ƙugu ne jan ya fi ƙarfi, sai ta ɗage daga gurbinta. Tawa, gadon kawuna, ta buɗe wajen santimita 8 a tsakiyar hunturu, har tana kama mini hannun riga.

Kafin a taɓa gam, fenti ake fara bincika. A ɗiga asiton, ruwan nan da ake goge jan farce da shi, a auduga, a ɗan taɓa wuri ɓoyayye, misali ƙarƙashin ƙarfen ɗaure tsirkiya. In fentin ya yi laushi yana danƙo, naitiro ne, wato irin fentin tsofaffin jitoci. In ko gezau bai yi ba, foli ne irin na yawancin jitocin zamani. Nawa ya yi danƙo nan take. Na ajiye kwalbar asiton a gefen tabarma. Ku riƙe wannan kwalbar a ranku.

Na kankare busasshen gam daga gurbin da bakin reza, na busa ƙurar. Na aro dirayar gashin matata na ɗumama robar daga nesa, a ƙaramin zafi, don ta yarda ta miƙe ta koma lanƙwasar. Seluloyid na kama wuta da wuri, zafi mai yawa kuma yana tayar da ƙuraje a fentin naitiro, don haka in yatsa ba ya iya jure zafin, an wuce gona da iri. Na rufe fentin sama da na gefe da salatif na takarda. Farin gam na kafintoci ba ya riƙe roba yadda ya kamata, sai na zaɓi sufa gulu mai ruwa-ruwa, ɗigo-ɗigo a bakin tsinken sakace, santimita biyu-biyu, ina dannawa da babban yatsa.

A ɗigon ƙarshe gam ya bi ƙarƙashin salatif ya sami yatsana. Daidai lokacin aka yi sallama a zaure. Surukina ne.

Babu yadda za a ce wa suruki ya jira. Na fita da jita rungume a ƙirji, na durƙusa.

"Baba, barka da zuwa. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ajiye garayar mu gaisa mana."

"Baba, ai ba ta ajiyuwa."

Ya dube ni, ya dubi jitar, ya ce, "To, Allah ya sa sana'ar ta karɓe ka." Duk motsin da na yi sai tsirkiya ta yi ƙara, har tambayar mutanen gida da kiɗa aka yi ta.

Matata ta leƙo ta gane halin da ake ciki. "Baban Amira, tsaya, na san maganinsa." Gaskiyarta, asiton yana narkar da sufa gulu. Yana kuma narkar da naitiro, har ma da seluloyid ɗin. Kafin in buɗe baki a gaban mahaifinta ta tuttula. Yatsa ya fita lafiya, ya bar hatiminsa a fuskar jitar kamar na ɗan zaɓe, da rami mai faɗin kwabo. Da ruwan ɗumi da sabulu da haƙuri aka bi, da fatar kaɗai za ta ji jiki.

Abin da ya cece ni shi ne naitiro yana karɓar gyara: sabo yana narkar da tsoho su haɗe, ba a ganin iyaka. Na bar wurin ya bushe, na kankare ragowar gam, sannan na riƙa ɗiga fentin naitiro mara launi da tsinke, ɗigo kaɗan a rana. Yana shanyewa ya lotsa, a sake ƙarawa, har ya ɗan yi tudu sama da kewayensa. Ƙurar hunturu ba ta da imani, don haka na kife kwanon roba a kan wurin, na ɗan ɗaga gefe don iska. A damina kuma danshi ne abin tsoro, shi ke sa fentin ya yi fari-fari.

Sai jira, mako 3 zuwa 4. Wanda ya goge da wuri, fentin zai ci gaba da tsukewa, ramin ya dawo. Da ya yi tauri na naɗe ƙarshen reza duka biyun da salatif, na bar tsakiya a buɗe, ta yadda tudun kaɗai take kankarewa. Daga nan samfefa mai lamba 800, 1000, 1500, 2000, da ɗan ruwan sabulu, a naɗe a kan ƙaramin katako mai shafaffen ciki, sai man goge mota wanda ba shi da silikon.

Wurin ya shafe sumul, sai dai ya ɗan fi kewayensa haske, domin tsohon naitiro rawaya yake yi da shekaru. Surukina kuwa ya riga ya sanar da dangi. An turo mini saƙo daga ƙauye ana tambayar nawa nake karɓa a biki, kuma ko da mai kalangu nake zuwa.